Ba a Tsaya wa Babba a Kai

Zainab da Fa'iza, 'ya'yan maƙwabciyata, sun shigo min ranar Asabar da takardun shaidarsu sababbi fil, sun gama kwas ɗin kula da tsofaffi. Na sa musu albarka, na zuba musu shinkafa da wake. Suna ci na tambaye su yadda suka ga karatun. Fa'iza, ƙaramar, ko ɗago kai ba ta yi daga wayarta ba ta ce, "It's easy, Anti. Wanka ne kawai da feeding, ki yi charting a takarda ki tafi gida." Na ce to, madalla. Zainab ta fi ta wayo, ta ga yadda na ajiye cokali, sai ta taka mata ƙafa ta ƙarƙashin tebur, amma magana zarar bunu ce, ta riga ta fita. Shi ya sa na zauna nake rubuta wannan, don in da baki na fara, ba zan kai rabi ba waya za ta yi ƙara su tashi. Yara, kallon kitse kuke yi wa rogo.

Sunana Hassatu, 'yar Funtuwa ce ni, kuma na yi shekara ashirin da 'yan kai a wannan sana'a, mafi yawansu a gidan tsofaffi guda ɗaya. Ban bar gidan da son raina ba. Akwai ranar da aikina da numfashin wani tsoho suka ƙi zama wuri ɗaya, dole ɗaya ya tafi. Zan kawo ku wurin, amma sai kun fara sanin gidan tukuna, don wanda bai san yadda yake a da ba, ba zai gane abin da aka ɓata ba.

Lokacin da na biyo Malam, maigidana, nan Amurka, muna haya ne a wani ɗan gida a unguwar Glenwood, ɗalibai hagu da dama, kekunansu a ɗaure a kowace baranda. Turancina na littafi ne, na sakandare. Idan mutumin Carolina ya buɗe baki yana jan kalma kamar miyar kuɓewa, sai dai in yi murmushi in ce yes. A wajen wani suna na haɗu da Mma Adiza, mutuniyar zangon Kumasi, doguwa, muryarta ta ishi ɗaki. Ta kama hannuna ta juya, ta duba tafin, ta ce, "Wannan hannu ya san aiki. Litinin ina zuwa in ɗauke ki." Bas ɗin gari ba ya kaiwa McLeansville inda gidan tsofaffin yake, don haka shekaru na yi ina bin tsohuwar motarta mai ƙanshin shito, soyayyen yajinsu na can, muna wuce gonakin ciyawa da safe, bareyi na tsallaka titi, Mma Adiza na zaginsu da Hausa da Twi. A ɗakin wanki na fara, ina ninke zannuwan gado, har na yi karatun na sami takarda irin wadda kuka nuna min.

Gidan na wata tsohuwar nas ne, Misis Tolbert, a filin gonar ubanta ta gina shi. Ɓangare biyu ne. Ɗaya na waɗanda sai an yi musu komai, wanka da magani da juyi a gado. Ɗayan kuma ɗakuna ne na masu zaman kansu, tsofaffin da ƙafarsu ke ɗaukarsu, abinci da shara da 'yar kulawa kawai suke saya. Amma a wajen Misis Tolbert duk tsofaffinta ne. Kowace shekara sai ta sa an ture teburan ɗakin cin abinci, duk mai cin albashi a gidan, har kuku, har mai yankan ciyawa, mu durƙusa a ƙasa muna koyon danna ƙirji a jikin mutum-mutumin roba. Tana yawo a tsakaninmu da sandarta tana cewa, "Wanda ya fi kusa shi ne likita, har likita ya iso." A bakin ƙofar ɗakin akwai jan akwati a bango, cikinsa na'urar farfaɗo da zuciya. Ita da kanta take duba batirinta. Ita ce kuma ta nuna min wani lungu a ɗakin zannuwa ta ce nan ne masallacina, kada kowa ya ajiye tsintsiya a wurin.

Wankan farko da na yi na Misis Calloway ne, wata 'yar gayu da ta yi rayuwarta a ƙaton gida a Irving Park, unguwar masu kuɗi, irin matan da ko ciwo suke yi sai sun sa jan baki. Na shiga da kuzarina, na yaye mata bargo gaba ɗaya kamar zan wanke yaro. Matar ta ƙanƙame jikinta ta juya fuska bango. Mma Adiza ta mayar da bargon, ta ja ni waje. "Bokoo, Hassatu, bokoo," ta ce, wato a hankali. "Wannan mata, tun kafin a haife ki ake buɗe mata ƙofar mota. Kin tuɓe ta kamar kaza za ki fige?" A ranar na koyi cewa wurin da kike wankewa kaɗai ake buɗewa, sauran jiki yana rufe da tawul. Ruwa da bayan hannu ake gwada shi. Ki ɗumama tafinki kafin ki taɓa mutum, ki kuma gaya masa inda za ki taɓa, ko da kina zaton ba ya jin ki. Fatar tsoho ba a gurza ta, dannawa ake yi da tawul, sannan a bi duk inda nama ya kwanta kan nama a busar. Da muka gama Mma Adiza ta miƙa mata madubi da jan bakinta, muka tsaya muna jira har ta shafa ta ce mu tafi.

Kayan aikin ba su da yawa, kuma ba su da kyan gani. Safar hannu cike da aljihu. Agogo mai tsinken sakan, don ƙirga bugun jini da numfashi. Takalmi mai ƙasan roba, wanda idan kika yi masa rowar kuɗi bayanki ne zai biya. Basilin, ƙaramin mataji, da alewa don masu ciwon suga idan jiri ya ɗebe su. Sai babbansu, bel ɗin ɗaga mutum, faffaɗa, na zare mai kauri, ana ɗaura wa tsoho a ƙugu a riƙe shi ta nan. Nawa shuɗi ne, Mma Adiza ta ba ni, har yau yana rataye bayan ƙofar ɗakina.

Ɗaga wanda ya faɗi shi ne inda ake gane gwani, kuma gwanin shi ne wanda ba ya gaggawa. Idan tsoho ya faɗi, abin da ya fi so a duniya shi ne a tashe shi kafin wani ya gani, don kunya ta fi masa ciwon zafi. Ke kuma ba za ki biye masa ba. Ki duba ko ya bugu a kai, ki dubi ƙafafun ko ɗaya ta gajarce ta juya waje, alamar ƙugu ya karye. In kin ga haka, ko ya zage ki kada ki motsa shi, a kira motar asibiti. In kuwa lafiya yake, sai ku zama biyu, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A kawo kujera, ya juya kan gwiwa, ya dafa, ku riƙe bel ɗin, ku tashi tare da ƙarfin cinya. Ni da Mma Adiza mun kai inda ba ma ko magana, ido kawai muke haɗawa mu ɗaga. Bayan nan sai nas ta zo ta duba, a kira 'ya'yansa, a kawo masa shayinsu mai ƙanƙara, kafin la'asar ya koma yana ba da labarin kamar ba shi ba.

Abu ɗaya na kawo daga gida wanda ba a koyar da shi a kwas, kuma ban ma san na kawo shi ba. A gidanmu ba a gaida babba a tsaye. Kakata, Allah ya jiƙanta, idan tana zaune a tabarma kika zo kika tsaya mata a kai kina magana, ko kallonki ba za ta yi ba, sai dai ta tambayi na kusa, "Wannan dogarin wa ya aiko shi?" Don haka duk ɗakin da na shiga da safe, sai gwiwata ta nufi ƙasa da kanta, in durƙusa gefen kujera in tambayi yadda aka kwana. Ma'aikata sun yi ta min dariya da farko. Tsofaffin kuwa ba su yi ba, don duk wanda ke cikin keken guragu ya gaji da kallon cikin mutane da haɓarsu.

Wanda ya ƙi sabawa shi ne Mista Odell. Baƙar fata ne, dogo, a ɓangaren masu zaman kansu yake. Ya ƙare ƙuruciyarsa yana gyaran injinan saƙa a masaƙar jins, kunnensa ɗaya ya tafi da ƙarar injin. Yana da bokitai a bayan gida inda ya shuka tumatir, yana hira da su kamar jikoki. Kullum na durƙusa sai ya ɗaga hannu biyu, "Tashi, Mis Hassie, tashi daga ƙasan nan! Ni ba gwamna ba ne." In ce, "Mista Odell, a garinmu tsufa ya fi gwamna." Ya ce, "To a garinku ya kamata a haife ni." Kullum haka, shekara da shekaru, ba ma canza ko kalma. Da azumi yakan ɓoye min yankan fai ɗinsa, wani irin kek na dankali, a takarda, ya ce in rana ta faɗi in ci in gaya wa Allah daga wajen Odell ne. Ba ya cikin waɗanda suka rubuta cewa idan zuciya ta tsaya a ƙyale su. Muna da irinsu, mun san su ɗaya bayan ɗaya, kuma muna girmama abin da suka zaɓa. Shi dai cewa yake, "Ni in na faɗi ku tashe ni, ban gama da tumatir ɗina ba."

Kwanakin nan ina kewarsu, ba zan ɓoye ba. Ranar Lahadi matan coci su cika gidan da huluna da waƙa, kuku ya dafa ganyensu da naman talo-talo daban saboda mu biyu da ba ma cin na alade. Aiki ne mai nauyi, amma in kin koma gida kin san abin da kika yi da ranarki.

Sai shekarar da komai ya juya. Misis Tolbert ta tsufa, ita ma ta zama mai buƙatar a ɗaga ta, 'ya'yanta suka sayar da gidan ga wani babban kamfani daga wata jiha, mai irin waɗannan gidaje barkatai. A shekarar ce kuma gadon bayan Mma Adiza ya ce ya gaji, ta tattara ta koma Kumasi. Kamfani ya shigo da fenti da sababbin labule, aka sa maɓuɓɓugar ruwa a bakin ƙofa, aka rage ma'aikata. Aka kawo mana manaja, Mista Brandon, yaro ne mai ladabi, matarsa da tsohon ciki. Ina so ku riƙe wannan: ba mugu ba ne. Da mugu ne da labarin ya fi sauƙin bayarwa.

Wata Litinin na shigo na ga babu jan akwatin. Sai wani murabba'i a bango inda fentin ya fi haske, da ramukan ƙusa. A ranar Mista Brandon ya tara mu ya karanto sabuwar doka. A ɓangaren masu zaman kansu, in ji kamfani, mutanen 'yan haya ne, ba marasa lafiya ba ne, mu kuma ba asibiti ba ne. Idan wani ya faɗi, ba ɗagawa. Idan ya shaƙe ko ya suma, ba dannawa, ba taɓawa. A kira lambar gaggawa ta 911, a tsaya a jira. Duk wanda ya sa hannu, a bakin aikinsa. Na ɗaga yatsa na ce, "To idan numfashi ya ɗauke fa, motar kuma tana hanya? Nan ba cikin gari ba ne." Ya ce lauyoyi sun duba komai, idan aka taɓa mutum aka ji masa ciwo kamfani za a kai ƙara. Na ce a raina, kowa ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski. Kun karɓi kuɗin mutum saboda ya tsufa, sannan ranar da tsufan ya kayar da shi ku ce ɗan haya ne? Amma a raina kawai na faɗa. Ina da yara a makaranta, kuma inshorar lafiyar gidanmu duk a wuyan aikin nan take rataye. Ba a daɗe ba aka mayar da ni wannan ɓangaren dungurungum, bel ɗina a aljihu ba amfani.

Faɗuwar farko bayan dokar ta wata tsohuwar malamar makaranta ce, santsi ya ɗebe ta a baranda. Ba abin da ya same ta, da a da ne cikin ɗan lokaci mun zaunar da ita. Aka kira waya. Muka kewaye ta a tsaye, mu huɗu, tana kwance tana jan siket ɗinta tana ba mu haƙuri. Ita ke ba mu haƙuri! Ban san sanda na zauna daɓas a ƙasa kusa da ita ba, na miƙe ƙafa, muka shiga hirar ɗalibanta har 'yan kwana-kwana suka iso, don a nan su ke fara zuwa kafin motar asibiti. Daga baya Mista Brandon ya kira ni ya ce me nake yi a ƙasa. Na ce, "Doka ta ce kar in ɗaga. Ta ce kar in zauna?" Ya duba, bai ga inda ta ce ba. Tun daga nan ya zame min aiki. Duk wanda ya faɗi, a banɗaki ne ko a kan ciyawa, ina gefensa a ƙasa. 'Yan kwana-kwana har sun san ni, in sun shigo sai babbansu ya ce, "Yau ma mutum biyu za mu ɗaga?" Ina dariya, amma raina ba daɗi. Waɗannan mutane masu kashe gobara ne, mun mayar da su masu yi mana aikin da hannuwanmu suka iya.

Ranar Mista Odell kuwa tsakiyar bazara ce, irin zafin nan mai ɗanko da riga ke manne wa mutum. An gama abincin rana, na fito da tire sai na ji ƙarar bokiti. Na leƙa na gan shi kwance tsakanin tumatir ɗinsa, butar ban-ruwa a gefe tana tsiyaya. Na ƙwala kira, na ruga na durƙusa kusa da kansa. Idonsa biyu, har da 'yar dariyarsa. Ya ce, "Ƙafata ce ta yi min wayo, Mis Hassie." Mista Brandon ya fito da waya a kunne, wasu ma'aikata biyu suka biyo shi, suka tsaya daga baya kamar yadda aka koya musu. Na kare masa rana da jikina, na ce ya gaya min wanne tumatir ne zai fara nuna. Ya ce, "Wancan na ƙarshe, mai taurin kai, shi ne zai..." Sai maganar ta tsaya.

Na tsaye ba su ga komai ba, don daga sama mutum ne kwance yana hutawa. Ni da fuskata ke dab da tasa na ga idon ya kafe, na ji wani irin jan numfashi kamar minshari, wanda duk mai sana'ar nan ya san ba numfashi ba ne. Na kira sunansa, na girgiza kafaɗarsa, na sa yatsa a wuyansa. Shiru. Na ce, "Mista Brandon, zuciyarsa ta tsaya!" Ya sa wayar a lasifika. Matar da ke kan layin ta ce, "Akwai wanda zai danna masa ƙirji? Yanzu-yanzu. Zan ƙirga muku." Ya ce, "Dokarmu ba ta yarda ba." Ta ce, "Yallaɓai, mutumin nan ba zai jira motar ba. Ko mai wucewa ne, ba shi wayar." Ya sake cewa, "Ba a yarda mana ba." Rijiya ta ba da ruwa, guga ya hana.

Ina so ku ji wannan da kyau, don nan ne mutane ke ɓata labarin idan suna ba da shi a wajen biki, su mayar da ni wata jaruma. Ba jarumta ba ce. In kin ji ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba, ni ma tsoron korar nan nake ji kamar kowa. Waɗanda suka tsaya a baya ba su fi ni rashin imani ba, ɗayarsu kuka take yi. Bambancin kawai shi ne su a tsaye suke. Wanda ke tsaye sai ya yanke shawara, ya tako, ya sunkuya, ya durƙusa, kuma a kowane taki akwai lokacin tuna haya da yara da inshora. Ni na riga na durƙusa. Tsakanin hannuna da ƙirjinsa bai kai taƙi ɗaya ba. Da a tsaye nake, wallahi ban san abin da zan yi ba, kuma ba na son in sani.

Na ɗora gindin tafin hannu a tsakiyar ƙirjinsa, ɗayan a kai, na miƙe gwiwar hannu, na sauke nauyina. A dannawar farko-farko na ji ƙashi ya yi ƙas a ƙarƙashin hannuna. Mutum-mutumin roba ba ya gaya miki wannan. Na ce Innalillahi, na ci gaba, don Misis Tolbert ta sha gaya mana haƙarƙari na warkewa. Na ji Mista Brandon yana cewa, "Hassie, don Allah, Hassie," amma bai taɓa ni ba, kuma ya matso da wayar kusa da kunnena don in ji ƙirgar matar. Wannan na shaide shi da shi har gobe. Tsakuwa ta shige min gwiwa, gumi ya rufe min ido, ɗankwalina ya zame ban ko sani ba. Ban san tsawon lokacin ba. Na dai ji jiniya daga nesa ta hanyar gonaki, sannan wani hannu ya dafa ni, babban 'yan kwana-kwana ya ce, "Mun karɓa, Mama." Suka manna masa tasu na'urar, irin wadda aka cire mana daga bango, jikinsa ya zabura, suka ci gaba da dannawa. Can ɗayansu ya ce ya sami bugu. Ni kuma na kasa tashi, ranar da gaske mutum biyu suka ɗaga.

Bayan 'yan kwanaki aka kira ni ofis. Wata mata daga kamfani tana kan allon kwamfuta, Mista Brandon na gefe bai iya haɗa ido da ni ba. Da ta gama jawabinta ta kashe, ya rufe ƙofa ya ce ya samo min mafita. In na yarda cewa ban fahimci dokar ba lokacin da aka karanta, saboda Turanci ba harshena ba ne, za a ba ni gargaɗi kawai a sake min horo, in ci gaba da aikina. Ya ce, "Kalma ɗaya ce, Hassie. Ki taimake ni in taimake ki." Na san da zuciya ɗaya ya faɗa. Na ce ya ba ni zuwa gobe.

Malam ya ce duk abin da na zaɓa yana bayana, amma na ga yadda ya daɗe yana kallon silin. Na kira Mma Adiza a Kumasi, ina jin hayaniyar jikokinta, na zayyana mata komai. Ta ce, "Hassatu, Turancin kin ji ko ba ki ji ba?" Na ce na ji. Ta ce, "Ei! To me kike tambayata?" Gaskiyarta. In na ce ban gane ba, na ce ke nan kuskure ne ya sa Mista Odell ke numfashi, kuma yarinyar da za ta zo bayana za a gaya mata cewa ko waccan tsohuwar rashin jin Turanci ne ya sa ta. Washegari na gaya wa Mista Brandon na gane dokar sarai, har tambaya na yi a ranar, shi ma shaida ne. Ya sunkuyar da kai. Na ajiye musu katin ƙofa, na ɗauki bel ɗina da sallayata daga ɗakin zannuwa. Na yi kuka a mota tun daga McLeansville har gida, don ina son gidan nan.

Na sami wani aikin daga baya, ina bin tsofaffi gidajensu, har gwiwoyina suka ce sun gama. Zainab, Fa'iza, ban ce ku je ku karya dokar kowa ba. Na dai ce ranar da za a ɗauke ku aiki, kafin ku tambayi nawa ne awa, ku tambayi abin da aka yarda ku yi idan numfashin mutum ya tsaya a gabanku, ku kuma dubi bangon ɗakin cin abinci. In amsar ba ta kwanta muku ba, gidajen suna da yawa.

Mista Odell bai koma can ba, 'yarsa ta ɗauke shi zuwa gidanta. Ya ƙara ganin damina biyu, ya kuma ci tumatir ɗinsa. Da ya ɗan warware na je gaishe shi. Na same shi a kujera bakin taga, ya rame, ya rungume filo a ƙirji. Yana ganina ya ce, "Ga matar da ta kakkarya ni! Kar ki ba ni dariya, dariya ciwo take min." 'Yarsa ta riga ta gaya masa an kore ni. Na ƙarasa na durƙusa gefen kujerar kamar kullum, na ce, "Mista Odell, an tashi lafiya?" Na jira ya ɗaga hannu biyu ya ce shi ba gwamna ba ne, har na shirya amsata a baki. Bai ce ba. Ya daɗe yana kallona, sannan ya saki filon, ya ɗora hannunsa a kafaɗata.

Ya ce, "Kar ki tashi, Mis Hassie. Zauna nan inda kike."